Jan Biro a Ƙasan Takarda

SHAFI NA 23

Na ga saƙonninku. Ba na iya amsawa ɗaya bayan ɗaya, amma babu wanda ban karanta ba. Ga na yau.

*

In ka tambayi masu lodi a kamfanin raba magunguna wane ne Baba Taswira, za su ce maka shi ne direban da bai taɓa tsayawa tambayar hanya ba. Maigadin ƙofa cewa yake, "Wannan? Ɗaure masa ido ka ajiye shi bayan gari, kafin shayinka ya huce ya dawo." Matasan direbobi, masu manna waya a gaban sitiyari tana gaya musu dama da hagu, su cewa suke tsohon ya cika girman kai, shi ya sa wayar da ofis ya ba shi take kwance a aljihun mota a kashe. A unguwa kuwa an san shi da son karatu, don ba ka ganinsa babu biro a aljihun gaba da jarida a naɗe a hammata.

Matarsa ce kaɗai ba ta tofa komai in ana wannan hira. Sai dai ta gyara ɗaurin ɗankwali ta ce, "Haka ne."

Yau kwana shida ke nan gidan babu daɗi. Akwatunan sanyi huɗu na alluran jarirai Baba ya kai wani ƙaramin asibiti, ashe asibitin ya tashi daga tsohon gininsa. Maigadin da ya rage a wurin ya karɓa ya ajiye a ɗakin da aka riga aka yanke wa wuta. Kafin a farga alluran sun lalace, iyaye mata sun yi layi da goyo an sallame su haka nan. Akawun da ta fitar da takardar kai kayan kuwa 'yarsa ce ta fari, wadda tun kafin ta san ofis yake kira Akawu, saboda yadda take cika bango da rubutun gawayi tana ƙarama. Ta ce sai da kwamfuta ta fitar da takardar sannan aka bugo waya, don haka ta rubuta sabon wurin da jan biro a ƙasa. Shi ya ce bai ga wani rubutu ba, takardar kuma ta ɓata.

Ƙarfe goma na safiyar yau Manaja zai yanke hukunci.

Yana zaune bakin gado yana ɗaura igiyar takalmi matarsa Inna ta shigo ta mai da ƙofa ta rufe. Ba ta saba rufe ƙofa da safe ba.

"Malam."

"Na'am."

"Bar takalmin nan ka dube ni."

Ya ɗago. Takarda ce a hannunta, an ninke ta gida huɗu, gefenta ya yi baƙi da shafar yatsa.

Bai tambaye ta ko mece ce ba.

"Jaridarka ta makon jiya na ɗauka zan shimfiɗa a kanta," ta ce. "Ina warwarewa wannan ta faɗo min a ƙafa."

"Ba ni."

"Ka ce ta ɓata."

"Na ce ki ba ni."

"A gabana ka faɗa. A gaban yarinyar nan ka faɗa, tana kuka kana kurɓar shayi."

"Rage murya."

"A rage take. Shekara talatin da biyu a rage take, Malam."

Ya dubi ƙofa. "Tana ina?"

"Tana can tana goge rigar da za ta sa a je a kore ta."

Ya sunkuyar da kai. Takalmi ɗaya a ɗaure, ɗaya a sake.

Inna ta dube shi ta ce, "Abu ɗaya ne ban gane ba. In ɓatar da ita kake so, ga ashana nan a kicin. Me ya hana ka ƙone ta?"

"Na ɗauki ashanar."

"Sai me?"

"Rubutunta ne." Ya nuna takardar da yatsa. "Ban san abin da ya ce ba, amma na san hannunta. Dubi yadda take jan wutsiyar nan ta ƙasa. Tun tana aji ɗaya haka take ja."

Inna ta zauna a ɗaya gefen gadon, ta bar fili tsakaninsu.

"Karanta min," ya ce.

"Yau? Bayan kwana shida?"

"Don Allah."

Shekara uku ke nan da Inna ta shiga ajin manya na la'asar, har yanzu da yatsa take bin layi. Ta buɗe takardar a kan cinya, ta tsallake baƙin rubutun kwamfuta, ta sauko kan jan.

"Ba... ba. Baba. A kula." Ta matso da takardar. "Asibitin nan sun tashi. Suna sabon gini, bayan gadar sama, hannun dama, farar ƙofa. Kada a kai tsohon wuri. Allah ya tsare hanya."

"Farar ƙofa," ya maimaita a hankali. "Har ƙofar ta faɗa min."

"Ta san da ƙofa kake gane wuri."

"Na ɗauka irin 'yar gaisuwar nan ce da takan rubuta min, in kawo miki da yamma ki karanta. Sunan asibitin na duba a sama. Na san shi, mai dogayen sanduna biyu a gaba da ƙwallo a tsakiya. Shekara sha ɗaya ina kai musu kaya. Wuri arba'in da ɗaya nake zuwa, babu wanda ban haddace kamannin sunansa ba, kamar yadda kike gane mutum daga tafiyarsa. Ban taɓa kuskure ba."

"Ai sunan bai canja ba, Malam. Mutanen ne suka tashi."

"Da tsohon mai sito yana nan da ba haka ba. Shi da baki yake faɗa min. 'Taswira, na bayan gidan mai, koren ƙofa.' Shi ke nan. Suka sallame shi suka ajiye kwamfuta a kujerarsa. Kwamfuta tana magana ne?"

"Da ka tambayi wani."

"Wa? Yaran nan da suke jira in yi tuntuɓe?"

"Da ka tambayi Akawun ita kanta."

Ya yi wata dariya marar daɗi. "Ta taga ta miƙo min. Ta ce, 'Baba, duba ƙasa na yi maka rubutu.' Masu lodi na tsaye, direbobi uku na bayana a layi. In ce mata me? Na duba, na gyaɗa kai, na ce na gani."

"To yau sai ka je ka faɗa."

"Kin san abin da kike cewa? Mu tara ne tsofaffin direbobi lokacin da sabon tsari ya zo. Ni kaɗai na rage. Ranar da na ce ban iya karatu ba, ranar zan ajiye makulli. In dawo in yi me? In zauna ƙofar gida ina ƙirga masu wucewa?"

"Ba makullin ba ne. Ni da kai mun sani."

A tsakar gida ana jin ƙarar dutsen guga ana ajiye shi a kan ƙarfe.

"Shekara sha biyu," ya ce da ƙyar, "ni nake sa mata hannu a takardar sakamako. In ɗaga takardar, in sa tabarau, in yi ta gyaɗa kai. In ce, 'Da kyau, amma lissafin nan a ƙara ƙoƙari.'"

"Kuma a lissafin ta fi kowa."

"Ba ta taɓa musa min ba. Sai ta ce, 'To Baba.' Ta je ta ƙara." Ya shafa fuska da tafin hannu. "Yarinyar da take gaya wa ƙawayenta babanta ba ya kwana bai karanta jarida ba. Ki ce in tsaya gabanta, gaban yaron nan Manaja da na haifi kamarsa, in ce duk ƙarya ne?"

"Ranar da na sayi littafi da fensir na ce mu tafi tare, me ka ce min?"

"Ba yanzu ba, don Allah."

"Me ka ce?"

"Na ce ba zan zauna a benci da furfurata ba."

"Ni da tawa furfurar na zauna. Malamar ma sa'ar Akawu ce. Na yi wata biyu ina rubuta harafi a juye ana dariya. Ga ni, ban mutu ba."

Aka ƙwanƙwasa ƙofa.

"Inna, Baba ya shirya? Tara ta kusa."

"Ga shi nan fitowa," in ji Inna, muryarta kamar ba komai.

Ta ninke takardar yadda ta same ta. Ta matso, ta zura ta a aljihunsa na gaba, ta danna da yatsa har ta shige.

"Ba zan faɗa mata ba," ta ce ƙasa-ƙasa. "Ba ni na ɓoye ba, ba ni zan tona ba. Amma in kuka dawo gidan nan an kore ta, takardar nan tana aljihunka, wallahi ban san da wane ido zan riƙa miƙo maka ruwa ba."

Ta sunkuya ta ɗaura masa ɗaya takalmin, ta buɗe ƙofa.

*

A motar kamfani suka tafi, kamar kullum. Akawu na gefensa, jaka a cinya, ta sha guga kamar mai zuwa neman aiki.

Kafin su kai gadar sama cunkoso ya riƙe su. Babbar mota a gaba, bas a baya, shingen kankare a dama. Ba gaba ba baya.

A da wata katuwar bishiya ce a nan, da mai faci a ƙarƙashinta. In ka ga bishiyar ka san hagu za ka yi. Yanzu ginshiƙai ne duk iri ɗaya, da manyan alluna a sama masu kibiya da rubutu, suna yi wa kowa magana ban da shi.

"Baba."

"Na'am, Akawu."

"Na gane abin da ya faru."

Hannunsa ya ƙanƙame sitiyari.

"Idonka ne, ko?"

Ya ci gaba da kallon bayan babbar motar.

"Tun da na fara aiki nake lura. In an ba ka takarda sai ka ce ka manta tabarau. Ko ka miƙa wa wani ka ce hannunka da baƙin mai. Wayar ofis ma ka ƙi kunnawa. Na yi ta haɗa abin a raina, jiya na ce ashe ni ce sakarya. Baba ba ya gani sosai, yana tsoron su sani su karɓe motar."

"Akawu..."

"Bari in gama, in na tsaya ba zan iya ba." Ta juya ta kalli taga. "In mun shiga zan ce ban rubuta ba. Zan ce na yi niyya na manta, tsoro ya sa na yi ƙarya."

"Ba za ki ce haka ba."

"Zan ce. Ni yarinya ce, zan samu wani. Kai in suka ce ido, shi ke nan."

"Wata sha huɗu kika yi kina yawo da takardu kafin ki samu wannan. In suka rubuta miki sakaci a kan magani, wane kamfani zai sake ɗaukarki?"

"Sai in zauna gida Inna ta riƙa koya min karatu." Ta yi 'yar dariya. Da ta ga bai yi ba, ta daina.

Na baya ya danna oda. Babu inda za a matsa, amma ya danna.

"Abu ɗaya nake roƙo," ta ce. "Ranar Asabar mu je a duba idon. Ba sai Inna ta sani ba in ba ka so."

Ya gyaɗa kai, shi kansa bai san me yake amsawa ba.

"Ka san me ya fi yi min ciwo, Baba? Ba korar ba ce. Ranar da ka dube ni ka ce ba ka ga rubutu ba. Kai ba ka ƙarya. Sai na fara tuhumar kaina. Kwana uku ina cewa ko mafarki na yi? Ko a takardar wani na rubuta? Har biron na ɗauko ina dubawa ko tawadarsa ta ragu." Ta share gefen ido da bayan yatsa don kada kwalli ya ɓaci. "Da na gane ido ne sai na ji sanyi. Na ce alhamdulillahi, ashe da gaske bai gani ba."

Takardar tana aljihunsa, tsakaninta da hannun Akawu bai fi taƙi biyu ba. Yana jin kaifin ninkinta a ƙirjinsa duk lokacin da ya ja numfashi.

Babbar motar gaba ta motsa. Ya sa giya.

*

"Baba Taswira ikon Allah!" in ji Maigadi yana jan ƙofa. "Yau ta wace ɓarauniyar hanya aka biyo?"

Baba ya ɗaga masa hannu kawai.

Ofishin Manaja ƙarami ne, taga ɗaya a rufe, na'urar sanyi tana ta gurnani. Kujeru biyu a gaban tebur. Manajan matashi ne mai ladabi, da alama shi ma bai so zaman ba. Ya miƙe ya gaida Baba da hannu biyu, ya ce wa Akawu ta rufo ƙofa.

"Ba zan ja magana ba," ya ce. "Daga sama an ce yau a rufe fayil ɗin nan. Asibiti sun rubuto, kuma suna da gaskiya. Dole a san daga inda kuskuren ya fito. Kwamfuta tana nuna tsohon wuri. Ke kin ce kin gyara da hannu. Baba ya ce bai gani ba. Takardar da za ta raba gardama babu ita."

Ya jawo wata farar takarda daga fayil ya tura gaban Baba.

"Baba, wannan bayanin da ka yi min da baki ne, na buga shi. Ƙa'ida ta ce mai bayani ya karanta da kansa a gaban wanda abin ya shafa, sannan ya sa hannu. Layi biyar ne kawai."

Baba ya dubi takardar. Ya shafa aljihun dama, ya shafa na hagu.

"Ai kuwa na bar tabarau a..."

"Ga shi, Baba." Akawu ta zaro shi daga jaka. "A kan kujerar mota ka bari, na ɗauko maka."

Ta buɗe shi, ta goge gilashin da gefen mayafinta, ta miƙa masa. Taimako take yi. Tana ganin da tabarau ko yaya ne zai lallaɓa layi biyar su fita.

Ya karɓa. Ya sa.

Rubutun ya fito tar, baƙi a kan fari, kowane harafi da ƙafafunsa. Ya nemi wanda ya sani a ciki. Can a layi na biyu ya hango dogayen sanduna biyu da ƙwallo a tsakiya, sunan asibitin. Shi kaɗai.

Ya yi gyaran murya.

Manaja ya jira.

Ya sake gyaran murya. Ya ajiye takardar a tebur ya danne da tafi.

"Baba, ko a ƙara haske?" in ji Manaja.

"Ranka ya daɗe," Akawu ta yi sauri, "ba sai ya karanta ba. Akwai abin da zan faɗa."

"Ina jin ki."

"Maganar da na yi tun farko ba haka take ba. Da aka bugo waya na yi niyyar rubutawa, sai aiki ya sha kaina. Ban..."

"Akawu."

"...ban rubuta komai ba. Tsoro ne ya sa na..."

"Na ce ki yi shiru!"

Bai taɓa ɗaga mata murya a gaban mutane ba. Ta tsaya baki buɗe.

Manaja ya dubi wannan ya dubi wancan. "Malama, kin san nauyin abin da kike faɗa? In na rubuta shi ba ya gogewa."

"Kada ka rubuta," in ji Baba.

Ya cire tabarau ya ajiye. Ya sa yatsu biyu a aljihun gaba. Sai da ya ja sau biyu takardar ta fito, don Inna ta danna ta sosai. Ya ajiye ta a tsakiyar tebur, a ninke.

Ba wanda ya taɓa ta.

"Mece ce wannan?" in ji Manaja.

"Buɗe."

Ya buɗe. Jan rubutun yana nan a ƙasa, layi uku, har da layin da aka ja a ƙarƙashin kalmar farko. Manaja ya karanta a zuci, ya ɗago a hankali.

Akawu ba ta karanta ba. Daga inda take ta gane hannunta.

"A ina aka samo ta?" ta tambaya, muryarta ta sirance.

"Ba ta ɓata ba."

"Ban gane ba."

"Tana wurina. Tun ranar."

"Tun ranar," ta maimaita. "Kwana shida tana wurinka."

"E."

"Ina kuka a ɗakin Inna tana wurinka."

"E."

Ta dafa gefen tebur. Har yanzu tana nema masa mafita, ana gani a fuskarta.

"Amma ba ka ga rubutun ba, ko? Idon ne. Baba, gaya masa idon ne. Ranka ya daɗe, ba ya gani sosai, ja kuma yana da wuyar..."

"Idona lafiya lau. Daga nan ina ganin ƙudan da ke jikin tagar can."

"To me ya sa?"

Shekara talatin da biyar yana kewaye maganar nan kamar rami a titi, yau ga ta a gabansa, ba dama ba hagu.

"Na ga jan," ya ce. "Ban san abin da ya ce ba."

"Kamar yaya ba ka sani ba?"

"Ban iya ba, Akawu."

"Ba ka iya me ba?"

"Karatu." Ya dubi tafin hannunsa. "Ban taɓa iyawa ba. Ko harafi ɗaya. Sa hannun nan da nake yi, wani abokina ne ya zana min a bayan kwalin sigari na yi ta kwaikwayo. Wannan takardar ma sai yau da safe na san abin da ke cikinta. Innarku ce ta karanta min."

Na'urar sanyi ta ci gaba da gurnaninta.

Manaja ya jingina da kujera. "Baba... duk shekarun nan? Da me kake kai kaya?"

"Da ido. Da kunne. Da mutanen da kuka sallama."

"Ka san ba ni da ikon ɓoye wannan. Dole in kira sama."

"Na sani." Ya zaro makullin mota ya ajiye kusa da takardar. "Ka kira. Amma ka fara rubuta cewa yarinyar nan ta yi aikinta. Har kalar ƙofa ta faɗa min."

Manaja ya ɗora hannu a kan waya, bai ɗaga ba.

Akawu ta miƙe tsaye. Kujerar ta yi ƙara a ƙasa.

"Takardun makarantata," ta ce. "Da kake dubawa."

Bai ɗago ba.

"Wasiƙar da na rubuto maka daga makarantar kwana, ka ce ka karanta sau uku."

"An karanta min sau uku."

"Ba wannan ba ne, Baba." Hawayen ya zubo, ba ta share ba. "Wallahi ba wannan ba ne. Da ka ja ni gefe ka faɗa min, da ni zan riƙa karanta maka kowace takarda har ka gama aiki, ba mai ji. Amma a mota, ɗazu, na ce zan ɗauki laifin. Na ce na gode Allah da ba ƙarya ka yi min ba. Tana aljihunka. Ka gyaɗa min kai."

"Na gyaɗa."

"Da Manaja bai ce ka karanta ba fa? Da sa hannu kawai ya ce ka yi?"

Wannan ce tambayar da yake tsoro, don shi ma bai san amsarta ba.

"Ban sani ba," ya ce.

Ta ɗauki jakarta. Ta juya ta nufi ƙofa, ta kama mariƙin.

Baba ya miƙe. Gwiwarsa ta bugi tebur, tabarau ya faɗi ƙasa, bai bi ta kansa ba. A bayan ƙofar ana jin muryoyin masu lodi sun yi tsit, alamar kunnuwa sun matso. Ya san za su ji. Bai rage murya ba.

"Akawu, tsaya. Ba sai kin juyo ba."

Ta tsaya, hannunta a kan mariƙin, bayanta gare shi.

"Na ji kunyar ki san ban iya ba, sai na bar ki kika ɗauki abin da ba naki ba. Na sa kin tuhumi hankalinki. Ni ubanki ne, ni ya kamata in tsaya a gabanki, sai na ɓuya a bayanki." Muryarsa ta karye, ya tattaro ta. "Na cuce ki, 'yata. Na yi miki ƙarya. Ki yafe min."